Yadda Muka Kai Inna Saman Bagzan

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma tafiyar da na yi da mahaifiyata zuwa saman dutsen Bagzan, ko tsufa ya kwashe mini komai ina jin ita za ta rage. Har yau in aka taru a gidanmu ana hira sai wani ya tono ta, a yi ta mini dariya, ni ma in taya su, don na san na cancanta.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a biron aikin gona, wato ofishin ma'aikatar gona, a Dogon Dutsi, ban daɗe da kama aiki ba, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ni ke rubuta takardun tafiya idan manyanmu za su fita rangadi Ɗan Kassari ko Dogon Kiriya. Na san wace takarda ke son hatimi, wace ke son sa hannun mutum biyu. A ganina na wancan lokaci, duk tafiyar da aka rubuta da kyau a takarda an riga an gama ta, abin da ya rage kawai a shiga mota.

Yayata ita ce ɗiyar fari a wurin Inna. Shekararta goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, har mutane sun gaji da yi mata fatan alheri a fili. Mijinta majo ne, wato shugaban ƙaramin asibiti, aka tura shi wani ƙauye a saman Bagzan, can cikin duwatsun Abzin gaba da Agadas. Can Allah ya ba ta ciki. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu, amma mijin ya ce hanyar ba ta mai ciki ba ce. Saboda haka aka tsayar da magana, in ta sauka Inna ce za ta je ta yi mata wankan jego, kuma dole ta isa kafin ranar suna.

Ita kuwa Inna mutuniyar da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan yayata a bakinta ba, kunyar ɗan fari ta hana. Sai dai ta ce "waccan", ko "yarinyar nan". Surukinta kuwa ko hanya ba sa haɗawa. Da aka ce ita za ta tafi, cewa ta yi, "Ni ba wurin kowa za ni ba. In an samu jinjiri, shi za ni gani."

Ni aka ɗora wa tsara tafiyar, kuma na karɓa hannu bibbiyu. Tun saura wata guda na aro taswira wurin wani abokina malamin makaranta, na shimfiɗa ta a tabarma, na ɗauko zare ina bin hanya ina aunawa. Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Tawa, Tawa zuwa Abalak, har Agadas. Daga Agadas kuma wata siririyar hanya ta yi gabas ta shiga duwatsu. Ɗan guntun da ya rage, daga inda layin hanya ya ƙare zuwa ƙauyen, da na auna shi bai kai nisan gonar kawuna ba, wadda nake zuwa a babur in dawo kafin shayi ya huce. Na rubuta masa minti arba'in, har ina ganin na yi masa kyauta. Akwai wasu layuka masu ruwan ƙasa da suka cunkushe a daidai wurin, na ɗauka kwalliya ce ta masu buga taswira.

Rannan majo ya kira ni. Sai ya hau wani dutse yake samun rezo, wato sabis ɗin waya, shi ma yana zuwa yana ɗaukewa. Ya ce, "Saurara in hwaɗa maka yadda ake hawowa, don wurin ga ba kamar..."

Na katse shi. "Majo, bar mini wagga. Mu da anka haihwa gindin dutsi, wa za shi koya muna hawa? Kai dai ka tanadi goro."

Yana cikin cewa wani abu rezo ya ɗauke. Ban sake nemansa ba. Dutsen garinmu ai muna yara muke hawansa bayan an tashi makaranta, mu sauko kafin magariba, ban ga abin tambaya ba.

Ran wata Litinin da rana saƙo ya iso, an samu namiji, uwa da ɗa lafiya. Maƙwabta suka cika gida da guɗa. Inna ta ce "To, madalla," ta shige ɗaki. Can sai ga ta tana jawo kaya daga ƙarƙashin gado, ashe tun makonni a ɗaure suke: babbar tukunyar dafa ruwan wanka, buhun gero, kanwa, dakakken yaji, man shanu a kwalba. Kawuna kuma ya aiko da rago, ya ce a kai wa mai jego. Suna ran Litinin mai zuwa ne, da sassafe bayan sallar asuba.

Talata na ƙare ta a yawon birori. Izinin barin aiki, takardun motar wani abokina ɗan kasuwar wake da ya yarda ya kai mu a katkat ɗinsa mai shiga yashi da duwatsu, har da takardar likitan dabbobi ta rago. Na jera su cikin jakar takardu, kowace da wurinta. Laraba muka kama hanya. Duk shingen jandarma da muka iso, kafin su buɗe baki na miƙa musu, in suka ɗaga mana hannu sai in waiwaya in dubi Inna ko za ta yaba. Ita kuwa carbinta kawai take ja. Muka kwana Tawa, washegari hanya ta jijjiga mu har muka daina hira, muka shiga Agadas da yamma likis.

A shekarun nan baƙuwar mota ba ta shiga cikin duwatsu sai da takardar izini daga hukuma a Agadas, mai ɗauke da sunayen matafiya, lambar mota, hanyar da za a bi da kwanakin da za a yi. Wannan ma na shirya ta tun gida, na buga ta a na'ura, hatimi kawai take jira. Juma'a da safe na ɗauki Inna muka tafi biron, na zaunar da ita a benci, na shiga ina taku ɗai-ɗai.

Wata mata na tarar a teburin, dattijuwa mai tabarau. Ta karanta takardar daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama.

"Mushe," ta ce, wato Malam da Faransanci, "wa ya rubuta wagga?"

"Ni ne, Madam."

"Nan ka ce mota za ta kai ku har ƙohwar asibiti, bisa Bagzan?"

"Ƙwarai."

"Cikin minti arba'in?"

Na ce e, har da ɗan rangwame na bari saboda rago. Sai matar nan ta cire tabarau ta ajiye, ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Da ta huta ta ce mini mota a ƙasa take tsayawa, daga nan sai ƙafa da jaki, wuni guda cur ga mai ƙarfi. Ta nuna wani layi da na bari fayau. "Ina sunan jagoranku?"

Na ce ba mu buƙatar jagora, daga Dogon Dutsi muke.

"Ko daga sama kuke, ba jagora ba hatimi. Mutane sun sha ɓacewa cikin duwatsun ga. Kuma yau Juma'a, da an yi kiran salla mun kulle, sai Litinin."

Sai Litinin, ranar suna ke nan. Na tsaya riƙe da jakar takarduna ban san ko mutum ɗaya a Agadas ba. Inna ta hango fuskata daga benci ta ce, "Mi anka ce?" Da na gaya mata ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tashi ta yi ta zo gaban teburin da kanta. Matar ta miƙe ta gaishe ta, ta ba ta kujera.

"Inna, wurin wa za ki har bisa Bagzan da girmanki?"

"Wata ce can ta haihu."

"Wace ce?"

"Wata dai." Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane.

"To mijinta hwa, mi sunanshi?"

Inna ta juya fuska wajen bango. Na buɗe baki zan ba da amsa, matar ta ɗaga mini hannu. Ta daɗe tana kallon Inna, sannan ta ce a hankali, "Ɗiyar hwari ce ko?" Ni na ce e, kuma haihuwar farko ce bayan shekara goma sha ɗaya. Matar ta mayar da tabaranta. Ta ce ita ma ɗiyar fari ce, kuma har tsohuwarta ta koma ga Allah ba ta taɓa jin ta kira sunanta ba. Daga nan ta ɗauki waya.

Wajen sha biyu sai ga wani dattijo Ba'abzine, dogo, siriri, da rawani har hanci. Mai lambu ne a saman Bagzan, yakan sauko da tafarnuwa kasuwar Agadas, kuma gobe Asabar zai koma. Ya gaishe da Inna da Hausa tsaf, ya dubi takalmina na zuwa biro mai sheƙi, na ga idonsa ya yi dariya. Matar ta miƙo mini farar takarda ta ce in sake rubutawa da hannu, ita tana faɗa ina bi kamar ɗan aji ɗaya: inda mota za ta tsaya, inda za a kwana, sunan jagora, kwana huɗu gare ni, ta Inna kuma daban, ta kwana arba'in da 'yan kai. Hatimi ya sauka a kai ladan yana gyara murya.

Asabar muka wuni muna ratsa busassun koramu da yashi da tsakuwa, dattijon yana gaba yana nuna wa abokina inda zai bi. Da la'asar ya ce a tsaya, an iso. Na fito daga mota na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, har hulata ta faɗi ban ga ƙarshen abin ba. Baƙin dutse ne tsaye ya tare rabin sama. Abokina ya riƙe baki ya ce, "Wanga shi ne dogon dutsi. Namu na gida, in mun koma sai a sake mai suna."

Jakuna uku dattijon ke da su a wurin 'yan'uwansa na gindin dutsen. Ɗaya na kayansa, ɗaya na Inna, ɗaya na kayanmu, kuma ya ce abin da jaki ɗaya ba zai ɗauka ba a bar shi a mota. Inna ba ta yi shawara da kowa ba. Tukunya ta hau, gero ya hau, kanwa da yaji da man shanu suka hau. Akwatina mai sabuwar shaddar da na ɗinka don ranar suna aka bar wa abokina ya yi gadinta tare da mota.

Lahadi muna idar da sallar asuba muka fara hawa. Hanyar ba hanya ba ce, duwatsu ne aka ɗora kan duwatsu, jaki ya san inda zai sa kofato, kai kuma ka bi bayansa. Ba mu yi nisa ba rago ya kwanta. Ragon Arewa ne, ƙasarmu ta Dogon Dutsi, bai taɓa taka abin da ya fi kunyar gona tudu ba. Aka ja, aka tura, ya ƙi. Sai Inna ta sauko daga jakinta ta ce a ɗora shi, ita tana da ƙafafu. Ta ɗaure zane tamau, ta karɓi sanda a hannun dattijon, ta shige gaba.

Ni kuwa kafin hantsi na gane kurena. Numfashi ya ƙi isa ƙirjina, takalmina yana zamewa, duk taku goma sai na dafa dutse. Inna ta waiwayo daga sama ta ce, "Mai takarda, minti arba'in ɗin bai cika ba?" Dattijon da tun jiya bai yi dariya a fili ba, sai da ya dafa jaki. In na tambaye shi saura nawa, sai ya nuna wani tsauni ya ce bayan wancan. In mun kai, sai wani ya leƙo daga bayansa.

Bayan azahar ne na lura Inna ta daina tsokanata. Tafiyarta ta ragu, tana ɗaga ƙafa da ƙyar. Can ta zauna kan wani dutse, leɓɓanta sun bushe, gwiwoyinta sun kumbura, tana numfashi sama-sama. Muka ba ta ruwa da dabino. Dattijon ya ja ni gefe ya ce akwai wani matsatsi a gaba, gefensa rami ne, ba a bin sa sai da hasken rana. In ba mu tashi yanzu ba, nan za mu kwana, mu isa gobe da hantsi. Da hantsi kuwa an riga an raɗa suna, an watse.

Tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin Inna a zaune ta kasa tashi ba. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, mu kwana nan. Suna ko babu mu za a yi shi. Ke da kin ce jinjiri za ki gani, ai jinjiri ba ya gudu."

Ta dube ni wani irin kallo. Sai kawai na ji ta kama sunan yayata, sunanta na yanka, tiryan-tiryan. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya tana zuwa sunan ɗiyan mutane, tana yi musu guɗa, ta komo gida ta shige ɗaki. Gobe nata ne. In ta duba cikin mata ba ta ga uwatta ba..." Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Tashe ni."

Wallahi sai da na juya baya na share ido. Shekarata ashirin da bakwai a duniya, ran nan na fara jin sunan nan a bakinta, a tsakiyar duwatsu inda babu mai ji sai ni da baƙo da jakuna.

Dattijon ya ce to, rago ya sauka, Inna ta hau, shi zai riƙe jakin da hannunsa. Na ce rago kuma fa? Sai na ga su biyun suna kallona. Haka na cusa jakar takardu cikin tukunya, aka ɗora mini rago a wuya, na riƙe ƙafafunsa biyu-biyu a ƙirji. Da shi na ratsa matsatsin nan, ina karanto duk addu'ar da na sani, shi kuma yana kuka a kunnena. Bai bar ni haka ba, sai da ya jiƙa mini riga tun daga wuya har ƙugu.

Rana ta yi ja muka fito sama, sai ga fili shimfiɗe kamar ba a kan dutse ba, ga lambuna kore shar, tafarnuwa da albasa da alkama, ga wani sanyi mai shiga ƙashi. Muna shiga ƙauyen majo ya fito da gudu. Da ya hango Inna sai ya ja birki, ya durƙusa can nesa yana gaida ƙasa, ita kuma ta amsa wa bango. Da ya juyo ya gan ni, ba hula, riga a jiƙe, takalmi ɗaya ya buɗe baki, sai ya manta da surukuta ya fashe da dariya. "Sannu ɗan gindin dutsi! Ya hanya?"

Na bi Inna har bakin ɗaki. Yayata tana zaune a gado da jariri, tana ganinta ta fashe da kuka, don ta riga ta fid da rai. Inna ko kallonta ba ta yi ba. Ta karɓi jaririn ta juya shi ta ce, "Kai ne ka sa ni hawan dutsi da tsuhwana? Miji mummuna haka, ban so." Sannan ta taɓa ruwan da ke cikin bokiti ta ce wa bango, "Wanga ne ruwan wankan mai jego? A sauke mini tukunyata." Amma na ga hannunta ɗaya ya sauka a kan ƙafar yayata, kuma bai tashi ba har na bar wurin.

Washegari aka raɗa suna, na sha addu'a cikin aron rigar majo wadda ta tsaya mini a cibiya. Daga inda nake na hango mata a tsakar gida, Inna a tsakiyarsu ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, yayata kuma tana leƙowa ta labule, ba ta kallon kowa sai ita.

Tun daga wannan tafiya, kafin in ɗauki alƙalami in tsara wa wani hanya, sai na nemi wanda ƙafarsa ta taka wurin, in zauna in bar shi ya gama maganarsa, ko da ina ganin na sani. Girman kaina ya kusa hana yayata ganin uwarta a ranar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana jira. Na kuma daina auna ƙaunar iyayenmu da abin da ke fitowa daga bakinsu. Ban taɓa gaya wa yayata abin da na ji a kan dutsen nan ba sai bayan rasuwar Inna. Da na faɗa mata, sai ta ce in sake faɗa mata yadda Inna ta kira sunan.